Fiftin Na Ce, Fifti Suka Ji: Abin Da Saurin Baki Ya Jawo Mini Ranar Difens

Ranar da muka yi difens ɗin furojet ɗinmu na ND II, minti goma aka ba kowane rukuni. Ni na gama namu a minti tara, har ina yaba wa kaina a zuci wai na burge. Na tsaya ina haki kamar wanda ya biyo mota da gudu, ina jiran a ce madalla. Ɗakin ya yi tsit. Can sai malamin da aka gayyato daga wata makaranta don ya duba mu, wanda muke kira eksitana, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce: “Yaro, yanzu idan aka zuba maka rufin ɗaki da kankaren da rabin simintinsa toka ce, za ka yarda ka kwana a ƙarƙashinsa?”

Wallahi da farko ban gane inda ya dosa ba. Aikinmu a kan tokar ɓuntun shinkafa ne, wato a rage siminti a cike gurbin da toka, a ga ko kankaren zai riƙe ƙarfinsa. Mun zuba ƙananan tubalan gwaji masu milimita 150, mun jiƙa su a ruwa, mun fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 14, wasu a kwana 28. Abin da muka ba da shawara shi ne kada tokar ta wuce kashi 15 cikin ɗari. Da Turanci na faɗa, a guje. Fiftin na ce, shi kuwa fifti ya ji. Shafin da teburin sakamakon yake kuma ko daƙiƙa goma bai yi a allon majigi ba na wuce shi. Da muka buɗe masa littafin ya ga 15 a rubuce, sai ya girgiza kai ya ce: “Aikin yana da kyau. Amma ni tun da ka fara ban ji magana ba, ƙarar inji na ji.”

Mu uku ne a rukunin, kuma ni aka zaɓa in yi bayani saboda wai bakina ya fi faɗawa da Turanci. Makin da aka ba mu bai kai abin da aikin ya cancanta ba. Ɗaya daga cikinmu, wadda ita ta fi kowa wahalar dakan toka da tankaɗe, ƙiris ya rage mata ta kai 3.00 ta fita da Ofa Kiredit, ba ta kai ba. Ba zan ce difens ɗin kaɗai ya jawo ba, amma kowa ya san nauyin furojet a lissafin maki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun nata ya fi gorin ciwo.

Tun daga ranar na sa kaina binciken yadda ake riƙe linzamin baki. Yanzu ina HND II, ga lokacin difens da semina da rahoton SIWES ya ƙarato, shi ya sa na ga ya dace in zube abin da na koya a nan. Gani ga wane ya ishi wane. Zan riƙa cewa “ka” don sauƙin rubutu, amma ’yan uwa mata har da ku nake.

Me ke sa mu gudu?

Na farko jiki ne. Da zarar an kira sunanka ka miƙe, wasu ’yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan saki sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya tsaya iya ƙirji, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Jiki shirin gudu yake yi, tunda ƙafa ba ta da halin gudu sai harshe ya karɓa. A wannan halin shirun daƙiƙa biyu sai ka ji kamar minti guda, don haka sai ka yi ta cike kowane gurbi da magana.

Na biyu, kayan sun fi jakar. Bayan difens na koma na duba rubutun da na haddace. Kalma kusan 1,900 ne, shafukan majigi 24. Raba 1,900 gida tara, za ka samu sama da kalma 210 a minti. Ko da ban ji tsoron kowa ba, dole in yi gudu, don tun a ɗaki na ɗora wa minti goma kayan minti goma sha biyar.

Na uku hadda. Wanda ya haddace bayani kalma bayan kalma tsoronsa ɗaya, kada zaren ya tsinke. Ka tuna yadda yara kan karanto hadda a gaban malami, suna sauri don su sauke kafin ta gudu? Haka muke yi a gaban alƙalai.

Na huɗu wata gurguwar fahimta ce da muka taso da ita, wai mai zuba Turanci ba tsayawa shi ne gwani. Ni kaina da wannan aka zaɓe ni, kuma ita ta kai mu ta baro.

Kunne ba ya komawa baya

Mai karatu idan jimla ta shige masa duhu sai ya koma ya sake karantawa. Mai sauraro ba shi da wannan gatan. Abin da ya wuce ya wuce, kuma yayin da yake ƙoƙarin warware jimlar farko kai ka riga ka kai ta huɗu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. George Miller a 1956 ya ce wajen abu bakwai, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya ce ma wajen huɗu ne. To ka ga wanda ya jero adadi goma sha biyu cikin numfashi biyu, ruwa yake zubawa a kwando.

Ka ƙara da cewa kai wata shida ka yi kana kwana kana tashi da aikin nan, shi kuwa eksitana yau ya fara jin sa, wataƙila kuma ku ne rukuni na goma sha biyu da ya saurara tun safe, ga zafi, ga ƙarar fanka ko janareta. Sannan Turancin nan daga kai har shi ba da shi aka yi muku goyo ba. Gidan rediyon Muryar Amurka ya gane wannan tun 1959, lokacin da ya fara wani shiri na Turanci mai sauƙi domin waɗanda ba harshensu ba ne, inda ake karanta labarai da kusan kashi biyu bisa uku na saurin da aka saba. Idan gidan rediyo zai rage gudu don a fahimce shi, ina ga ɗalibin da makinsa ke hannun mai sauraro?

Fara da awo

Kusan duk mai saurin magana bai san yana yi ba. Ni da an tambaye ni a lokacin, sai in rantse daidai nake tafiya. Maganin musu awo. Ɗauki sakin layi biyu ko uku daga bayaninka, ka duba adadin kalmomin, Microsoft Word yana nunawa a ƙasan shafi. Kunna rikoda a waya, ka miƙe tsaye, ka faɗa da murya kamar a gaban alƙalai. Sai ka raba adadin kalmomi da mintocin da ka ci. Kalma 360 a minti biyu, kana kan 180 ke nan.

Hirar yau da kullum da Turanci takan tashi wajen kalma 150 a minti. Bayanin fasaha mai adadi da sababbin kalmomi ya fi zama a kunne tsakanin 120 da 140. Ni 130 na ɗauka a matsayin ma’aunina. Idan da Hausa za ka yi jawabi, kamar a taron ƙungiya, ka sake awon daban, don kalmominmu irin su “ya”, “da”, “na” gajeru ne, lissafin ba zai zo ɗaya ba.

Don ka san cewa a hankali ba rauni ba ne, duba manyan masu jawabi. Jawabin da Martin Luther King ya yi a Washinton ranar 28 ga Agusta 1963 kalma wajen 1,600 ne, ya ci kusan minti 17. Ko da an cire lokacin tafi, tafiyar hankali ce, musamman a farkonsa. Jawabin Abraham Lincoln na Gettysburg a 1863 kalma wajen 270 ne, minti biyu kacal, bayan wanda ya riga shi ya shafe awa biyu yana magana. Yau na minti biyun ake tunawa. A nan gida kuma ka nemi jawabin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar 1 ga Oktoba 1960 a Legas, ko na ziyararsa Amurka a 1961, suna nan a YouTube. Ka saurari yadda yake ba kowace kalma haƙƙinta, yadda yake rufe jimla ya ɗan dakata kafin ya buɗe wata. Ba banza aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare ba. Kafin siyasa malamin makaranta ne a Bauchi, kuma ana jin malantar a bakinsa.

Abu ɗaya: kada ka ji kunyar sauraron muryarka. Kowa ba ya son jin tasa a rikoda. Daure ka saurara har ƙarshe, nan za ka ji inda kake haɗiye ƙarshen kalma, da yawan “am” da “so” da “yu no” da kake cusawa.

Lissafi kafin almakashi

Idan an ba ka minti goma, ba duka na magana ba ne. Cire minti ɗaya da rabi na sauya shafi, nuna tebur, da tsayawa. Saura takwas da rabi. Ninka da 130, ka samu wajen kalma 1,100. Iyakar kayanka ke nan. Ni a ranar kalma 800 na ɗauko fiye da ƙima.

Nan ne wurin ciwo, don yanka abin da ka sha wahala a kansa ba daɗi. Amma alƙalai suna da littafin a gabansu. Ba su zo jin tarihin siminti ba, ba su zo jin sunayen marubuta ashirin da ka jera a babi na biyu ba. Abu huɗu suke nema: mece ce matsalar, yaya ka tunkare ta, me ka samu, me hakan ke nufi. Ga yadda nake raba minti goma yanzu:

Gabatarwa da matsala, minti ɗaya da rabi.
Manufar aiki, minti ɗaya.
Hanyar da aka bi, minti biyu.
Sakamako, minti uku da rabi.
Kammalawa da shawarwari, minti ɗaya da rabi.
Rara, rabin minti.

Ka lura sakamako ne ya ɗauki kaso mafi tsoka. Yawancinmu akasin haka muke yi, mu baje a gabatarwa, mu zo sakamako lokaci ya ƙure, sai mu bi ta kansa a guje. Kamar mutum ya ƙoshi da ruwa kafin a kawo tuwo.

Shafukan majigi ma a rage. Nawa 24 a minti tara, kowane bai kai daƙiƙa 23 ba. Akwai wani salon gabatarwa da aka ƙirƙiro a Tokyo a 2003, Pecha Kucha, mai shafi 20 kowane daƙiƙa 20, amma su galibi hotuna ne zalla, ba tebur mai layi takwas ba. Ga difens na minti goma, shafi takwas zuwa goma ya wadatar. In kana ganin aikinka ya fi ƙarfin taƙaitawa, ka sani Jami’ar Queensland ta Ostireliya tun 2008 take shirya gasa inda ɗalibin digirin digirgir zai bayyana bincikensa na shekaru a minti uku da shafi ɗaya tak. Namu furojet ɗin bai fi nasu ba.

Tsayawa ma magana ce

Da na fara gyara, kuskuren farko da na yi shi ne jan kowace kalma kamar mai jin barci. Abokin ɗakina ya ce, “Kai malam, wannan ai sai ka sa mutane hamma.” Daga baya na gane yawancin gyaran ba a cikin kalmomin yake ba, a tsakaninsu yake. Ka faɗi gaɓa ɗaya da saurinka na kullum, ka tsaya, ka faɗi ta gaba.

Waɗanda suka yi karatun tajwidi a cikinmu sun riga sun san wannan ilimin. An koya musu cewa karatu hawa uku ne, akwai na tsanaki, akwai matsakaici, akwai mai sauri, kuma ko a mai saurin ba a yarda a cinye harafi ba. An kuma koya musu alamomin inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Abin da na yi shi ne na ari dabarar na sa wa takardata alamomi da jan biro:

Sanda ɗaya, ɗan dakatawa na numfashi, kamar daƙiƙa guda.
Sanda biyu, tsayawar daƙiƙa biyu zuwa uku, a ƙarshen batu ko bayan adadi mai muhimmanci.
Layi a ƙarƙashin kalma, a rage gudu a danna ta.

Wurare uku ne tsayawa ta fi amfani. Idan ka sauya shafi, yi shiru daƙiƙa uku ka bar idanu su sauka a kansa, don mutum ba ya karatu da sauraro lokaci guda. Kafin ka faɗi babban sakamako, ɗan dakata, shirun da kansa zai ɗago kawunan da suka sunkuya. Bayan ka faɗa kuma sake dakatawa, ka ba mai biro damar rubutawa. Idan ka ga alƙali yana rubutu, maki ne yake shiga, kada ka katse shi da sabon batu.

Akwai wata ’yar dabara a PowerPoint: idan kana nuna shafuka ka danna harafin B, allon zai yi baƙi, ka sake dannawa ya dawo. Idan kana son a dube ka a saurari wata magana, yi amfani da ita. Akwai kuma wurin gwajin lokaci a cikinsa, yana ƙirga maka daƙiƙun da ka ci a kowane shafi.

Sauya giya

Direban kirki ba ya tafiya da giya ɗaya daga Kano har Kaduna. A miƙaƙƙiyar hanya ya taka, a kwana da cikin gari ya sassauta. Haka bayani. Abin da kowa a ɗakin ya sani, kamar ma’anar kankare a gaban injiniyoyi, wuce shi da ɗan hanzari. Inda za ka sassauta su ne taken aikin, manufa, duk wata sabuwar kalma, adadi, da jimlar kammalawa.

Adadi dai ku bar ni in yi magana a kansa, ni na ɗanɗana. Fiftin da fifti, fotin da foti, sikstin da siksti, bambancinsu a wurin danna murya yake. A fiftin ƙarshen ake dannawa a ja shi, a fifti farkon ake dannawa. Da sauri duk sai su zama ɗaya. Yanzu idan zan faɗi irin wannan adadin nakan faɗe shi a hankali, in bi shi da lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, wato ɗaya da biyar, yatsana kuma yana kan allon. Kada ka karanto tebur duka. Zaɓi adadi biyu ko uku da labarin ya rataya a kansu, ka ce ga na farko, ga na ƙarshe, ga bambancinsu. Mu Hausawa kuma mun san inda Turanci ke yi mana tarko, wajen “p” da “f” da kalmomi masu baƙaƙe a cunkushe. Sauri ke ƙara tona mana asiri a nan. Ka ware kalmomi biyar ko shida da suka fi ba ka wuya a cikin aikinka, ka yi ta maimaita su gaɓa gaɓa har su zauna.

Minti na farko

Saurin da ka fara da shi, da shi za ka ƙare. Don haka yaƙin a minti na farko yake. Tun kana zaune kana jiran layi, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka bari ciki ya kumbura maimakon kafaɗa ta ɗaga, sannan ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Yi sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, abu ne da za ka ji a jikinka nan take. Ka guji kofi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari da safiyar ranar, musamman a kan yunwa, don wuta za su ƙara wa zuciyar da ta riga ta ɗau zafi.

Idan an kira ka, kada ka fara magana tun kana tafiya. Isa wurin, ajiye takardarka, kafa ƙafafunka biyu, dubi alƙalan, ka ja numfashi ɗaya, sannan ka gaishe su. Jimloli ukun farko su kaɗai nake ba da shawarar a haddace tsaf, a kuma faɗe su a hankali fiye da yadda kake jin ya kamata. Sauran ka riƙe su a matsayin gaɓoɓi a ’yar takarda. Ka shigo da robar ruwa. Kurɓa ɗaya tana jiƙa maƙogwaro, tana kuma ba ka tsayawar da ba wanda zai zarge ka a kanta.

Ka samu aboki ya zauna a baya inda za ka gan shi. Ku yi alkawari, idan ya dafa ƙirji ka sassauta, idan ya nuna agogo ka matsa gaba. Ni wannan ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Idan lokaci ya ƙure

Ka sa wa kanka shingaye biyu. A minti huɗu da rabi ya zama kana shiga sakamako, a minti takwas kana shiga kammalawa. Ajiye waya ko agogo a kan tebur, ka duba a waɗannan wuraren kawai. Idan ka ga ka makara, ko an ɗauke wuta an ci maka minti biyu, ko shugaban zama ya ce saura minti ɗaya, kada ka ƙara gudu. Zubar da kaya za ka yi. Tun a ɗaki ka yi wa shafi biyu alamar cewa su ne na sadaukarwa, in ta ɓaci ka tsallake su ka ce bayaninsu yana babi kaza. Abu uku da aka ji sun fi goma da aka yi wa ruwan sama. Hausawa sun gama magana da suka ce sauri ya haifi nawa, don duk abin da ka faɗa a guje sai an sa ka maimaita shi a lokacin tambayoyi, wannan karon kuma da tuhuma.

Lokacin tambayoyi

Nan ma baki kan riga tunani. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi nazarin azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta gano malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo da ma’ana. Alƙali ba lalle ya ba ka daƙiƙa ukun nan ba, kai za ka ba kanka. Bari ya kai ƙarshen tambayarsa, kada ka tare shi. Ƙirga uku a zuci. In ba ka gane ba ka ce, “Malam, idan na fahimta, kana tambaya ne a kan kaza?” Sannan ka amsa a jimla biyu ko uku ka yi shiru. Yawancin ramukan da muke faɗawa a difens, mu muke haƙa su da ƙarin bayanin da ba a tambaye mu ba.

Masu nawa fa?

Akwai kuma waɗanda tasu matsalar jan ƙafa ce. Suna karanta allo kalma kalma, sun juya wa mutane ƙeya, kowace jimla da “am” uku a ciki. Wannan galibi rashin sanin abin da ke biye ne. Maganinsa maimaici da murya, da sanin jimlar da za ta haɗa kowane shafi da na gabansa. Duk inda “am” ta zo maka, rufe baki ka bar gurbin. Shiru ya fi ta kwarjini. Wanda kuma yake da in’ina, kada ya ɗauka wannan rubutun yana cewa ya yi gasa da kowa. Ya rage yawan kalmomi, ya sanar da sufabaizansa tun da wuri don a san da shi wajen lokaci.

Shirin mako guda

Saura kwana bakwai, rubuta bayanin, ƙirga kalmomi, yanke. Saura shida, yi awon farko da rikoda ka sa alamomi. Saura biyar da huɗu, maimaita a tsaye da murya sau biyu kullum, da majigi ko kwamfuta a gabanka. Maimaici a zuci ba ya cikin lissafi, don zuci ya fi baki sauri nesa ba kusa ba. Saura uku, tara mutum uku ko huɗu, har da wanda ba ɗan sashenku ba. Da ka gama kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ce musu su faɗa maka babban sakamakonka da adadinsa. In sun kasa, akwai sauran aiki. Saura biyu, shiga ɗakin da za a yi in da hali, ka ji yadda murya ke tafiya a cikinsa, don babban ɗaki mai amsa kuwwa yana buƙatar ƙarin sassauci. Daren ƙarshe sau ɗaya ya isa, ka kwanta da wuri. A gwaji ka nemi gamawa a minti tara da rabi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da ka saba da shi a ɗaki shi zai fito.

A seminar da na yi a HND I, kalma 1,050 na shiga da su da shafi tara. Zuciyata ta buga kamar ta ranar farko, wannan kam bai canja ba, kuma ban ce zai canja muku ba. Amma da na zo kan adadin da aikin ya dogara a kansa, na tsaya, na faɗe shi, na sake tsayawa. Na ga malamai biyu sun sunkuya sun rubuta. Abokina na baya bai dafa ƙirji ba ko sau ɗaya.

’Yar rukuninmu ta ND tana wani sashe na makarantar nan yanzu, ita ma difens take shiri. Makon jiya ta turo mini saƙo in zo in riƙe mata agogo. Na je, na zauna a baya. Allah Ya ba mu sa’a baki ɗaya.